Yadda Muka Kai wa Falwaya Takalmin Hagu

Sri Petaling, shida da kwata na asuba

Mun tashi ranar Lahadi, gari bai waye ba. A ƙasar nan asuba takan makara, sai wajen shida saura ake kiran salla. Mota biyu, mutum huɗu, takalmi ƙafa biyu. Tafiyar kilomita sittin ce, daga Kuala Lumpur zuwa Seremban. Na taɓa ratsa hamada daga Agadez a bayan akori-kura, kwana tara, ba wanda ya kira taro. Wannan ta kilomita sittin sai da aka yi mata taro goma sha ɗaya.

Ga wanda bai san ni ba a gida, sunana Iro, shumeka. Na yi shekara goma sha huɗu a Agege ina buga akwati. Na yi Libiya, na ga abin da na gani. Yanzu ina wanke tukwane a wani gidan abinci na 'yan Afirka a Sri Petaling, in ɗalibai sun kawo takalmi in ɗinke. Baba Iro suke ce mini. Ƙwallon kwando ban san ta ba. Takalminta na sani.

Dalilin tafiya

Akwai wani yaro ɗan Kano, Nura, amma Falwaya ake kiransa saboda tsawo. In zai shiga jirgin ƙasa sai ya rusuna kamar mai gaida surukai. Yana shekarar ƙarshe a wata kwaleji a Bukit Jalil, yana buga musu ƙwallon kwando. Shekara uku suna zuwa gasar kwalejoji ana koro su tun a zagayen farko. A wannan shekara, shekarar korona, suka kai wasan ƙarshe. Daga shi Falwaya zai tattara ya koma gida, mahaifinsa ya riga ya sama masa kujera a ofis. In bai buga wannan ba, ya gama bugawa.

Saboda cutar, an killace 'yan wasa a wata makaranta a Seremban. Ba shiga, ba fita, ba 'yan kallo. Wannan ya ƙona ran ƙungiyar magoya bayan Falwaya, mutum goma sha bakwai, duk 'yan boko. Shugabansu Dakta Mudi. Bai gama digirin ba tukuna, amma sunan ya riga shi gamawa. Wata biyu suna shirin tafiya ta waya, sun ɗinka riguna, sun samo ganga, sai doka ta ce ba mai tsallaka jiha sai da takardar 'yan sanda.

Ranar Juma'a, a wasan kusa da na ƙarshe, kambas ɗin Falwaya na dama ya tsage a ƙasa, daga gefe zuwa gefe. Lamba hamsin yake sawa. An kira kantuna. Mai lamba arba'in da shida ma sai da ya yi alfahari. Koci ya ce ba takalmi, ba wasa. Falwaya ya ce akwai tsohon kambas ɗinsa a ƙarƙashin gado a Bukit Jalil, a kawo masa kafin ɗaya na ranar Lahadi. Duk kayan da za su shiga makarantar sai an fesa musu magani sun yi awa biyu a ajiye, wasa kuma ƙarfe uku ne.

Na ce a ba ɗan babur mai kai saƙo, awa biyu ya kai.

Dakta ya ce, "Baba Iro, wannan ba takalmi ba ne. Biza ce."

Ranar Asabar muka je ofishin 'yan sanda. Dakta ya ɗora kambas ɗin a kan kanta, ya miƙa sunaye goma sha bakwai. Ya raba aiki: mutum biyu za su riƙe takalmi, biyu igiya, biyu safa, ɗaya buroshi, sauran masu sa ido. Ɗan sandan ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga takalmi. Suka gwada shi da hannu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Sannan ya ɗauki biro ya fara soke sunaye. Ya bar ni, don tsohon kambas ɗin yana son ɗauri. Ya bar Rakiya, yayar Falwaya, mai karatun haɗa sinadarai a Jalan Semarak, don ita ce 'yar'uwa kuma tana da mota. Dakta ya yi minti arba'in yana magana har ɗan sandan ya gaji, ya bar shi da sakatarensa Bashir, ya buga hatimi. Doka ta ce mutum biyu a mota, shi ya sa mota biyu.

Da asubar nan a bakin titi Dakta ya ce kowace mota ta riƙe ƙafa ɗaya, don ta sami abin nunawa a shinge. Ya ɗauki na dama.

Na ce, "Dakta, na dama ne ya fashe. Shi ake jira. Ba ni shi."

"Baba, kai da girmanka. Shugaba ya riƙe hagu? Me mambobi za su ce?"

"Za su ce ya iso."

Bashir ya rubuta wannan a littafin taro. Takalmi dai bai canza hannu ba. Na shiga bayan motar Rakiya da akwatina. Ita ta zaunar da na hagu a kujerar gaba, ta ɗaura masa bel.

Sungai Besi, bakwai saura kwata

Kilomita shida kacal. A tolget aka kafa shinge, motoci sun yi layi. Mun yi minti ashirin da biyar muna jan jiki. Rakiya tana ta maimaita jawabin da za ta yi da Turanci. Na ce ta bar mini.

Ɗan sanda ya leƙo, takunkumi a fuska, ya tambayi inda za mu. Na miƙa takarda. Na zaro takalmi na fitar ta taga. Da ɗan Malayancin da na tsinta a kicin na ce masa: yaro, babbar ƙafa, Seremban. Ya dubi takalmi, ya dubi takarda, ya sake duban takalmi. Ya ce, "Jalan." Wato mu wuce. Minti ɗaya bai cika ba.

Motar Dakta tana bayanmu. Ta madubi na ga ya buɗe ƙofa ya fito. Na ce wa Rakiya, "Shi ke nan." Duk wanda ya fito daga mota a shinge ba a ce ya fito ba, ya gama tafiya. Na san wannan tun Agadez.

Daga baya Bashir ya ba ni labari. Ɗan sanda ya riga ya ɗaga hannu zai ce su wuce, sai Dakta ya ga bai kamata a sallame shi ba a san ko shi wane ne ba. Ya faro daga kafuwar ƙungiya. Don a ga suna da tsari, ya buɗe but ɗin mota. Ga ganga, ga riguna goma sha bakwai, ga ƙyalle mai hoton Falwaya, ga kular dafa-duka. Ɗan sanda ya ce, ashe 'yan kallo ne. Ya nuna musu inda ake juyawa.

Serdang, bakwai da minti ashirin da biyar

Muka tsaya a wurin hutawar matafiya. A bakin ƙofa aka ɗora mini bindigar auna zafi a goshi. An sha ɗora mini ta gaske, wannan ƙara kawai take yi. Rakiya ta yi rajistar shiga da waya, ni na sa suna a littafi, don wayata ba ta hoto ba ce. Ba a zama a ci, sai dai tapau, a ƙunshe maka ka tafi. Na sayi nasi lemak, shinkafar kwakwa ce da yaji da ƙananan kifi, ringgit biyu da rabi. Shayi ringgit ɗaya da rabi, a leda. Na ci a tsaye jikin mota.

Dakta ya kira. Rakiya ta buɗe murya.

"Ba koro mu aka yi ba," in ji shi. "Shawara aka ba mu mu sake nazarin hanya."

Rakiya ta ce, "Dakta, don Allah ka ba ɗan babur. Yanzu-yanzu. Ni zan biya."

"Haba Anti. In na ba shi, ni da me zan wuce? Akwai tsohuwar hanya ta Kajang, na duba taswira. Ƙarfe tara ina Seremban, boleh." Da Malayanci, wato zai yiwu.

Na ce, "Ka rufe but. Ka rufe baki."

Ya ce ya ji. Ban ji alamar ya ji ba. Muka jira har takwas da rabi ko zai canza ra'ayi, sannan muka kama hanya.

Nilai, ƙarfe tara

Nan ne bakin jiha, shinge na biyu. Titi fayau, gonakin kwakwar manja hagu da dama, ba kowa sai manyan motoci. Na sake fitar da takalmi ta taga. Waɗannan sun fi na farko son wasa. Ɗaya ya ajiye shi a kwalta, ya zura ƙafarsa ciki da but ɗinsa da komai, ta shige. Suka ɗauki hoto. Babbansu ya tambayi Rakiya me ake ba yaron yana ci. Ta ce tuwo. Ya ce a rubuta masa. Minti shida.

Seremban, goma saura ashirin

Makarantar tana bayan gari kaɗan. Ƙofar ƙarfe, waya kewaye, ɗan ɗakin maigadi. Maigadin dattijo ne ɗan ƙasa. Na ce masa Pakcik, haka ake kiran dattijo a nan, kamar a ce kawu. Shi ma ya ce mini Pakcik. Muka tsaya a haka.

An ja jan layi a ƙasa, taku goma daga waya. Falwaya ya zo ya tsaya a bayan layin, ƙafa ɗaya da kambas, ɗaya da silifa wadda rabin diddige ke waje. Kocinsu yana gefensa, wani guntun Basine, ɗan asalin ƙasar Sin, kansa daidai aljihun Falwaya.

"Baba, sannu da hanya. Yaya, sannu. Ina na dama?"

Na ce, "Yana Kajang yana taro."

Bai yi dariya ba. Ya dubi na hagun da ke hannun yayarsa. Yana da hagu mai lafiya a ƙafa, mun kawo masa wani hagun. Ya zauna a ƙasa inda yake, ya haɗa kai da gwiwa. Ko a zaune ya kusa kai koci.

Goma ta yi, Dakta yana hanya. Goma da rabi, yana hanya. Sha ɗaya saura minti goma Bashir ya kira a ɓoye. An tare su a shingen tsohuwar hanya. Wannan karon Dakta bai buɗe but ba, ganga ce ta yi ƙara da suka hau tudun rage gudu. An juyo da su. Dakta yana duba hanya ta uku, ta bakin teku.

Na ce wa Pakcik a miƙo mini fasasshen. Ya ce kaya suna iya fita, komawa ce sai kafin ɗaya. Aka turo shi a kwali da sandar tsintsiya.

Na shimfiɗa buhu a gefen titi, na buɗe akwati. Saman takalmin lafiya lau. Robar ƙasa ce ta mutu, ba ta ɗinkuwa. Sai an sa sabon sol, lamba hamsin, kuma babu shi a duk jihar sai a jikin tsohon hagun nan. Duk shumeka ya san abu ɗaya: sol na hagu in ka kife shi, na dama ne. Na sa wuƙa na fara ɓare shi.

Rakiya ta ce, "Baba, me za ka yi?"

Na gaya mata.

"A kife?"

"A kife."

"Takalmi a kife za ka ba yaro ya shiga wasan ƙarshe? Ni ko a ƙofar ɗakin wani na ga takalmi a kife sai na gyara shi nake wucewa."

"Ke da kike haɗa sinadarai."

"Sinadarai daban, wannan daban. Tsaya in kira Hajiya."

A Kano ƙarfe huɗu da rabi na asuba ne, amma mahaifiyarsu tana kan sallaya. Rakiya ta karanta mata ƙara. Hajiya ta ce a ba ta ni.

"Malam Iro, in yaron ya tsaya, ina robar za ta kalla?"

"Ƙasa, Hajiya."

"To ba a kife take ba. Amma gefen da ya saba taka ƙasa, yanzu ina zai koma?"

"Sama. Wajen ƙafa."

"Shekara nawa yana shiga banɗakin makaranta da shi?"

Na juya robar na duba ƙasanta.

"A wanke. Sau bakwai. Rakiya ta ƙirga."

Aka wanke. Ruwan gora uku, da sanitaiza a na ƙarshe don Rakiya ta ce ta fi ƙarfi. Roba ta jiƙe sharkaf. Gam ba ya kama jiƙaƙƙiyar roba, ba kuma lokacin shanya. Dabarar minti ashirin ta koma ɗinkin hannu zagaye guda, da basilla da zare mai kaki. Sha biyu saura kwata na soka na farko.

Ban ɗago kai ba sai da na ga inuwa. Silifa uku a jere gaban buhuna, da takalmin makaranta na yara, da jakar wata mata mai tsinkakken hannu. Masu su suna tsaye nesa-nesa da juna kamar yadda doka ta ce. Wata bakwai ba su ga shumeka a titi ba. A kan layin akwai but ɗin Pakcik, ƙafa ɗaya, baki a buɗe. Na ce su jira. Rakiya ta raba musu lamba.

Sha biyu da rabi na kai rabi. Basilla ta shiga babban yatsana sau biyu, na ɗaure da tsumma. Ɗaya saura minti biyar na ƙulle zare. Saura abu ɗaya. Gefen da ya koma ƙasa sumul yake, ba zane. A kan katakon fili yaro zai zame ya karye. Sai an tsaga masa layuka da wuƙa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai yi wa ƙwarya zane.

Pakcik ya zo ya nuna mini agogo. Ɗaya daidai.

Na nuna masa but ɗinsa. Na nuna agogon.

Ya dubi sama ya yi tunani. Ya ce agogon nan dama yana gudu, matarsa ta sha gaya masa. Ya koma ɗaki.

Ɗaya da minti tara aka tura kwali ciki. Aka fesa magani, aka kulle a ɗaki. Ba gwaji. Sai uku saura zai sa shi a ƙafa. Na yi azahar, na ɗinke but ɗin Pakcik, sannan na bi layi. Na gama da jakar matar.

Wasa, ƙarfe uku

A tsallaken titi akwai shagon mamak, masu shayi da roti, irin gurasarsu. Mutum biyu a tebur. Roti biyu da miyar wake, ringgit uku. Rakiya ta jingina waya da kwalbar yaji. Ana nuna wasan kai tsaye, sauran 'yan ƙungiya suna kallo daga ɗakunansu a Kuala Lumpur, kowa da rigarsa.

Falwaya ya shigo fili. Rakiya ta rufe fuska da mayafi, ta leƙo ta gefe. Mai ɗaukar hoton ba ya son ƙafa, daga ƙugu zuwa sama yake nunawa. Na ce a gaya masa ya sauke. Ta ce ba a yin haka.

Sai na rufe ido. Zauren ba kowa, ba ihu, ba tafi, ƙarar takalma kawai. Takalma goma sha tara suna kukan ɓera a kan katako. Ɗaya yana cewa ƙwas, ƙwas. Nawa ke nan. In na ji ƙwas ɗin ya yi sauri, yaro yana gudu. In ya ɗauke, yana sama. In ya dawo da nauyi, ya sauka lafiya. Haka na kalli wasan. Rakiya tana faɗin maki, ban riƙe ba.

Saura minti uku a tashi na ji wata ƙara daban, kamar an yaga buhu. Na buɗe ido. Falwaya yana ɗingishi. Rakiya ta miƙe tsaye.

"Baba, ya fashe."

"Wanne?"

Wannan karon mai hoto ya sauke. Na hagu ne. Na kamfani, mai lafiyar, ya tsage daidai inda ɗan'uwansa ya tsage ranar Juma'a. Tare aka saye su, tare suka gaji.

"Ga shi ka yanka tsohon hagun," in ji ta. "Da yanzu an canza masa."

"Da ban yanka ba, da yana zaune tun uku."

Koci ya durƙusa da filasta, ya naɗe ƙafar kamar mai ɗaurin karaya. Falwaya ya koma. Ƙwas a dama, shaa a hagu. Ya ƙarasa wasan a haka. Aka cinye su Falwaya da maki biyu.

Rakiya ta zauna, ta ture roti. "Na faɗa. Takalmi a kife."

Na ce, "Wanda aka kife yana nan. Wanda ba a kife ba ne ya mutu."

Ta jawo rotin.

Biyar da kwata Falwaya ya zo bayan jan layi, lambar na biyu a wuya, ido jawur, baki har kunne.

"Baba, na buga. Minti arba'in, ba a cire ni ba."

"Ƙafa fa?"

"Bororo biyu."

"Ɗinki?"

Ya ɗaga ƙafar dama sama da kan koci don in gani. Ko zare ɗaya bai tashi ba.

Na ce, "To."

Rakiya ta fara kuka, shi ma ya fara. Ba halin su matsa kusa. Na koma na haɗa akwati.

Komawa

Mun bar Seremban shida saura kwata. Pakcik ya ba mu ayaba nono guda. A Nilai ba a tsayar da mu ba, sun gane motar, sun ɗaga hannu. A Sungai Besi minti huɗu. Bakwai da minti biyar muka shigo Sri Petaling, ana kiran magariba.

Dakta yana zaune a kan but ɗin motarsa a ƙofar gidan abincinmu, shi da Bashir, kula a tsakani, sun ci rabin dafa-duka. Sun yi kilomita ɗari biyu da wani abu ba su bar jihar Selangor ba. Ya ce ranar Laraba akwai taron bitar tafiya, ana son rahotona a rubuce. Ga shi na rubuta.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Rakiya, tuƙinta ba gargada. Na gode wa Hajiya, wankinta ya sa na yi ɗinkin da gam ba zai yi ba. Na gode wa Pakcik da agogonsa. Dakta Mudi ya ce a sa sunansa a godiya. Na sa sunansa.